Mutanen Mazugal

Nafisa, ke kika ja na rubuta wannan babi, ko da yake na san za ki ce ba ki tuna ba. Ranar sadakar bakwai ɗin Inna, kina ɗakin baya ke da ƙannenki kuna naɗe tabarmi, ni kuma ina bakin rijiya ina alwala, na ji kin rage murya kin ce da su, Allah ya ji ƙan Inna, amma ita dai ba ta taɓa son Mama ba. Ban tanka miki ba, don ba ranar gyara zance ba ce, kuma in ido za a bi, gaskiyarki ce. Kun taso kun ga tsohuwar da take hira da Kawu Sani har da ƙyaƙyata dariya, tana tsokanarku ku jikoki har sai kun yi kuka, amma da zarar na yi sallama sai ta gyara mayafi ta juya fuska wajen bango. Ba ku taɓa jin ta kira sunana ba. To ni ma ban taɓa ji ba, har ta koma ga Allah. Sai dai akwai abin da ya faru a shekarar da idonta ya tafi, wanda ban gaya wa kowa ba in ban da babanku, kuma tunda ni ma gwiwa ta fara yi min gardama, gara in ajiye muku shi tun ina da bakin faɗa.

Ni ce 'yar farin Inna. Ku 'yan yanzu sai an yi muku bayani, amma a zamaninsu abu ne da ba ya buƙatar bayani: mace tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki ma sai dai ta kau da kai ta jira wata ta ɗauke shi. Wasu matan suna sassautawa in an kwana biyu, amma Inna ba ta cikin masu sassautawa. Da aka yaye ni sai aka ɗauke ni daga gidanmu na Dukawuya aka kai ni wajen kakata Iya a Ƙofar Mazugal, can na girma, can kuma Allah ya yi aurena. Shi ya sa a bakin Inna ban da wani suna sai mutanen Mazugal. Ni kaɗai ce, amma kullum jam'i nake, kamar wata ƙungiya. In na zo gida ina yarinya, na tsuguna na gaishe ta, sai ta kalli ƙanena Sani, ko kazar da take kiwo a tsakar gida in Sani ba ya nan, ta ce:

"A ce da mutanen Mazugal ga tuwo can a rufe. Kuma a gaya musu ɗankwalin nan ya yi dauɗa."

Ni kuma in ce, "Sun ji, Inna."

Ba zan ɓoye muku ba, abin yana yi min ciwo. Iya ta riƙe ni riƙon da ko uwa sai haka, amma yaro ba ya ƙoshi da abin da aka ba shi muddin yana hangen wanda aka hana shi. Na sha laɓewa bayan randa ina sauraron Inna tana lissafa 'ya'yanta a wajen baƙi, ko Allah zai sa bakinta ya kuɓuce, sai in ji ta fara daga Sani. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba. Ina so ne in ji yadda sunana, Safiya, yake fita daga bakin matar da ta haife ni, ko ja take yi, ko datsewa, ko sau ɗaya ne. Da na haife ki, Nafisa, ai huce haushi na yi a kanki. Tun ranar suna nake kiran sunanki da ƙarfi a tsakar gida, ina goya ki ina yi miki rawa, har tsofaffin Mazugal suka ce boko ya cinye min kunya. Ko a jikina.

Wannan ciwon ne, in an bi salsala, ya kai ni ga aikin da na ƙare rayuwata a kai. A jami'a ana cewa fannina nazarin iyali da tarbiyya da sababbin hanyoyin sadarwa, amma ku kun san abin da nake yi a zahiri: shiga gidajen mutane. Shekara da shekaru ina bin lungunan cikin birni da jaka a kafaɗa, a cikinta akwai 'yar rakoda, in yi sallama, in nemi izini, in zauna a kan tabarma in tambayi mata yadda waya ta shigo musu gida. Kuma wallahi na ga abin mamaki. Na ga matar da take durƙusawa har ƙasa in surukarta ta kira, alhali surukar tana wani gari. Na ga dattijo a Ƙofar Nassarawa da ba ya amsa kiran bidiyo sai ya sa hula. Na ga uwar da take yi wa ɗanta da ke Saudiyya faɗa ta saƙon murya, ta saurara da kanta, ta ga faɗan bai yi zafi ba, ta goge ta sake. Na ga kakar da take tofa addu'a a fuskar waya don jikan da ke cikin hoton ya samu. Sau da yawa nakan fito daga gida in tsaya a zaure ina jinjina kai, in rasa ma me zan rubuta.

Duk da haka na riga na yanke hukuncina, kuma ina ji da shi. Cewa na yi gidan Bahaushe an gina shi ne da matakai: akwai zaure, akwai soro na biyu, akwai labule, akwai yaron da ake aika, akwai bangon da ake yi wa magana don wani ya ji. Kunya a cikin waɗannan take zaune. Ita kuwa waya ba ta da zaure. In ta yi ƙara, daga bakinka sai kunnen wancan, ba ɗan aike ba labule. Don haka, in ji ni, ko dai kunya ta hana mutum amfani da waya, ko waya ta kashe kunya, kuma kowa ya san wanda zai ci. Wannan magana ta karɓu ƙwarai. An buga ta, an yi ta ambatona, har aka gayyace ni wani babban taron masana a ƙasar waje in zama mai jawabin buɗewa. Littafina ya kusa kammala, kuma a kansa nake sa ran zama farfesa. Hujjata mafi ƙarfi, wadda ban taɓa rubutawa ba, ita ce Inna. Tana da waya tun da daɗewa, tana kiran kowa har mai kawo mata gawayi, amma ba ta taɓa kirana ba. In ni na kira, abin da zan samu bai wuce wannan ba:

"Lafiya lau. Ga Binta."

Binta kuwa matar Kawu Sani ce, su ne suke zaune da ita a Dukawuya.

A shekarar nan ne idon Inna ya tafi. Ba irin yanar da ake cirewa ba ce, likitoci suka ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Ya fara cin gefe-gefe, har ya zamana sai dai ta bambance haske da duhu. Ba ta yi raki ba. Abin da ya dame ta guda ɗaya ne, wayarta. Inna ba ta yi boko ba, amma ta haddace surar sunan kowa yadda ake gane mutum daga tafiyarsa, ga shi yanzu surar ta ɓace. Sai Sani, da yake shi mai son taɓe-taɓen na'ura ne tun yana yaro, ya sayo mata wata wayar, ya manna ɗan filasta a kan maɓallin gefe don ta riƙa lalubawa, ya koya mata: ta danne wajen filastar, ta ce "kol", sannan ta faɗi sunan wanda take so. Sai wata muryar mace ta amsa da Turanci, kira ya tafi. Inna ta raɗa wa muryar suna Baturiyar nan. Binta ta ba ni labarin yadda suka fara, tana dariya har da hawaye. Wai Inna sai da ta yi wa Baturiyar sallama, ta tambaye ta gajiya, da ta ji ba ta amsa ba ta ce ai dama ba a san su da gaisuwa ba.

Ba a jima da wannan ba, wata ranar bayan la'asar, ina ofis ina duba takardun ɗalibai, wayata ta yi ƙara. Na duba na ga Inna. Gabana ya faɗi, don na tabbata Binta ce za ta gaya min wani abu ya faru. Na ɗauka, sai na ji numfashi, sannan muryar Inna, a hankali, kamar mai magana da wani a gefe.

"An wuni lafiya a Mazugal?"

"Lafiya ƙalau, Inna. Ya jikin?"

"Jiki da sauƙi. A ce da masu gidan su daina zama da yunwa saboda karatu. An ce sun rame."

"Za su ji, Inna."

Ta kashe. Na zauna riƙe da waya na ma manta da takardun. Na haura shekara hamsin a duniya, ranar ce ta farko da uwata ta neme ni don kanta. Kashegari ta sake kira, haka wanshekare, kusan kullum a wannan lokacin. Hirar ba ta da tsawo, kuma ba ta taɓa cewa "ke" ba. A ce da mutanen Mazugal an ga hadari ya haɗo ta wajensu, su kwashe shanya. A tambayi mutanen Mazugal ko har yanzu suna cin ƙanzo kamar da. Wannan ta ƙanzon ta girgiza ni, don ban taɓa zaton ta san ina son ƙanzo ba, sai a lokacin na tuna cewa duk zuwan da nake yi Dukawuya ina yarinya, tukunyar tuwo ba a taɓa jiƙa ta ba sai na kankare. Na zama kamar budurwa mai jiran saurayi. Da an yi sallar la'asar sai in ajiye waya a gabana, in ɗalibi ya shigo da tambaya in ce ya dawo gobe. A raina kuwa na gama fassara abin: Binta ce take danna mata lambata ta miƙa mata. Ban ma tambaya ba, don me zan tambaya a kan abin da yake a fili.

Wata Juma'a na je gaishe ta, na tarar tana barcin rana, Sani yana zaure yana cin abinci. Sai ya hau yi min burga da aikinsa, ya ɗauko wayar Inna da ke caji yana nuna min yadda ya tsara sunayen, kowa da gajeren suna don Baturiyar ta gane. Ga Sani, ga Binta, ga Mai Gawayi. Ina bi da ido har na zo kan wani suna, na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Safiya, ƙuru-ƙuru.

"Sani, kana da hankali kuwa? Sunana ka sa mata?"

"To Yaya, me zan sa? Ai sunanki ne."

"Inna ce za ta buɗe baki ta faɗi wannan? So kake ka ɗaure tsohuwa? In ba kowa a gida, wani abu ya same ta, tana so ta neme ni, ta yaya?"

Ya sosa ƙeya ya ce wallahi bai kawo wannan ba, kuma ai ya ɗauka nawa Binta ce take danna mata. Ni kuwa na cika na batse. Ga ni masaniyar al'ada, ga ƙanena ɗan kasuwa ya yi aika-aika. Ba zan ce wani tunani bai gifta min ba. Ya gifta: in na bar sunan yadda yake, wata rana dole za ta matsu ta faɗa, wataƙila ma ina kusa. Amma na ji kunyar kaina, na ga wannan tarko ne, kuma ba a ɗana wa uwa tarko. Na karɓi wayar na goge Safiya na rubuta Mazugal. Na ce da Sani in ta tashi ya gaya mata an sauƙaƙa mata. Na tafi gida ina jin na yi abin kirki, har ina ba babanku labari da alfahari.

Kashegari la'asar ta yi, waya shiru. Wanshekare ma shiru. Na ce ko jikin ne, na kira, ta ɗauka ta ce lafiya lau, ga Binta, kamar shekarun baya. Binta ta ce lafiyarta ƙalau, sai dai 'yan kwanakin nan ba ta da walwala, ko abinci sai an yi da gaske. Sati ya zagayo ba kira. Na rasa abin da yake min daɗi. Ga tafiyata taron nan ta matso, ga jawabi ina gyarawa, amma in na zauna rubutu sai in tsinci kaina ina kallon waya. Abin da ban taɓa samu ba, da ban san zafin rashinsa haka ba. Ranar da na kasa daurewa, na fito daga wata hira da na yi a wani gida a Dukawuyan, jakata a kafaɗa, na zarce gidan Inna.

Na same ta zaune a bakin gado, carbi a hannu, wayar tana gefe a kan filo. Binta tana ninke kaya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango kamar kullum. Can sai ta ce, ba da ni ba, ba kuma da Binta ba:

"Baturiyar nan ta daina jin magana. Wani ya taɓa min waya."

Binta, da take kiran Sani Baban Amira, ta ce, "Inna, ai Baban Amira ya gaya miki. Yaya ce ta gyara miki. Yanzu Mazugal kawai za ki ce, sai ta shiga."

"Na ji abin da ya ce. Ni na aiki wani ya gyara min?"

Na ce, muryata ƙasa-ƙasa, "Inna, gani aka yi kamar zai yi miki nauyi. Tunda dama Binta ce take danna miki..."

Binta ta saki zanin da ke hannunta ta juyo.

"Ni? Yaya, ni ban taɓa danna mata lambarki ba. Da la'asar ai ina islamiyya, Baban Amira yana kasuwa, yara suna makarantar allo. Ita kaɗai ce a gidan. Ni na ɗauka ke ce kike kiranta."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Wayar nan hanya ɗaya ce take kira a hannun makauniya, kuma suna ɗaya ne a kan lambata kafin in yi karambanina. Ashe duk ƙarar da wayata ta yi bayan la'asar, duk ranar da na ajiye ta a gabana ina jira, kafin ta yi ƙarar nan sai da Inna ta jira gida ya watse, ta lalubi filasta, ta buɗe baki ta ce Safiya. Kullum. Abin da na laɓe bayan randa ina nema, abin da na yi digiri a kan rashinsa, ana ta faɗarsa a ɗakin nan, ni kuma na zo da ilimina na goge. Na dubi tsohuwar nan, 'yar ƙarama a bakin gado, idanunta a buɗe ba sa ganin komai, na ji wani kwarjini ya cika ɗakin har na kasa ɗaga kai. Fuskarta ko gezau, carbinta kawai take ja.

Ta ce, "Mazugal unguwa ce. Mutum nawa ne a cikinta? A mayar min da abin da aka cire."

Binta, da yake bakinta ba ya shiru, ta ce cikin zolaya, "To Inna, ba kya jin kunyar Baturiyar?"

"Ita wa ta sani a garin nan? Wa za ta gaya wa?"

Na ɗauki wayar, na goge Mazugal na mayar da sunana. Na sa mata a tafin hannu, na ce an mayar. Ta shafa gefen har ta sami filastar, ta ɗora babban yatsa a kai, amma ba ta danna ba.

"A ba ni wuri. Zan gwada in ji ko ta huce."

Binta ta fice tana murmushi, ta yi madafi. Saura ni. To a nan ne nake so ku tsaya ku fahimce ni, don a kan wannan ɗan lokacin na rubuta duk abin da ya gabata. Inna ba ta gani. Da na taka zuwa bakin ƙofa na ɗaga labule na sake shi, na tsaya cik a ciki, ba za ta sani ba. Ko in fita in manne da bango a bayan labulen, yadda na saba ina yarinya. Kuma ga jakata a ƙasa kusa da ƙafarta, rakoda a ciki, taɓawa ɗaya take buƙata. Da na samu muryar in ajiye har ƙarshen raina, in saurara duk ranar da na ga dama, ku ma da kun ji da kunnenku, da Nafisa ba ta faɗi abin da ta faɗa ba. Duk wannan ya zo min a lokaci guda, kuma ina so, Allah ya sani ina so. Amma matar nan ta yi shekara hamsin da ɗoriya tana riƙe da abu guda, ba don ƙi ba, sai don haka aka koya mata ake girmama abin da ya fi tsada. Da ta tashi sakinsa, ta zaɓi inda ba kunnen ɗan Adam. Ta ce a ba ta wuri ne saboda ta yarda za a ba ta. In na tsaya, sata na yi, kuma makauniya na yi wa.

Na sunkuya na ɗauki jakata. Na fita, na ja takalmina da ƙarfi don ta ji tafiyata. Na wuce rijiya, na wuce turken awaki, na wuce soron ciki, ban tsaya ba sai a zauren waje, inda hayaniyar masu babur da masu tallan gyaɗa ba za ta bar ni in ji komai daga cikin gida ba ko da na kasa kunne. Na zauna a kan dakalin da babanmu yake zama, na fito da wayata na riƙe da hannu biyu.

Ta yi ƙara.

Na bar ta ta yi ta yi, ina kallon sunan Inna yana haske, ina kuka kamar yarinyar da aka yaye jiya. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba, kuma ƙarar waya ce kawai irin ta kowa. Da na ga za ta katse na ɗauka.

"To, ta huce," in ji Inna. "A ce da mutanen Mazugal su dawo ciki, Binta ta bar musu ƙanzo."

Abin da ya biyo baya kun san wani sashensa, ba ku dai san dalili ba. Na je taron, na tsaya a gaban masana na ce maganar da suka gayyace ni a kanta ba daidai ba ce. Na ce na yi zaton waya ba ta da zaure, ashe mutanenmu in ba su tarar da zaure ba, gina nasu suke yi. Wani dattijon masani da nake girmamawa ya miƙe ya tambaye ni, cikin ladabi, ina hujjata. Na ce ina da ita amma ba tawa ba ce da zan bayar. Kun san a aikinmu wannan ba amsa ba ce, kuma na ga yadda aka kalli juna. Na dawo na janye littafin daga wajen masu bugawa, na sake shiga lunguna da sabuwar tambaya, na yi shekaru kafin in tara abin da zan iya nunawa daga gidajen da suka ba ni izini. A cikin shekarun nan waɗanda na koyar suka riga ni zama farfesa. Kun sha jin babanku yana cewa taurin kaina ne ya ja, kuna dariya. Rufa min asiri yake yi.

Inna ta rayu shekaru bayan wannan, kuma in dai tana da lafiya, da wuya la'asar ta wuce ba ta kira ba. Ba mu taɓa tayar da zancen ba, ni da ita. Ban taɓa zuwa Dukawuya a wannan lokacin ba, ko da hanya ta biyo da ni, sai in yi zagaye, don kada in tarar da ita a tsakiyar abin ta fasa. Ku kuma kuna ganin ina katse muku magana in fige waya in shige ɗaki, kuna cewa Mama da aikinta. Ba aiki ba ne.

Da ta rasu, Sani ya kawo min wayar, filastar ta yi baƙi ta lanƙwashe saboda yatsa. Ɗanki, Nafisa, da yake ya gaji kakansa Sani wajen taɓe-taɓe, ya ce min wai irin waɗannan wayoyin wani lokaci suna ajiye muryar abin da aka faɗa musu, in ina so zai bincika ko akwai. Na ce ya bar ta. Tana nan cikin adakata, kuma na hore ku, bayan raina ma kada wanda ya bincika. Ba mu aka gaya wa ba.

Don haka in 'ya'yanku suka tambaye ku wace irin mace ce Inna, kada ku ce ba ta son 'yarta ta fari. Ku ce ta kira sunanta fiye da yadda za a iya ƙirgawa, ita kaɗai a ɗaki, bayan la'asar. Ni ban ji ba ko sau ɗaya, amma duk kiran da ta yi na amsa.